Tenure a jami'o'in Amurka: me za mu kira shi da Hausa?

Mai fassara: Jama'a, a taimaka da kalma. Labari ne kan malamin da wata jami'ar Amurka ta hana tenure. An ce in sa "wa'adi", amma raina bai kwanta ba.

Malamin jami'a: Kada ka sa, Malam. Wa'adi shi ne irin na shugaban jami'a a Najeriya, shekara 5 ya sauka. Wannan kuwa ba shi da ranar ƙarewa. Ana ɗaukar mutum a kan gwaji, galibi a shekara ta shida manyan sashensa su zauna a kan bincikensa da koyarwarsa, har a nemi ra'ayin masana daga wasu jami'o'i. In ya haye, ba a sallamarsa sai da ƙwaƙƙwaran dalili, ko in jami'ar ta shiga matsin kuɗi na gaske. In bai haye ba, shekara ɗaya ake ba shi ya nemi wani wuri. Sanarwar ƙungiyar malaman jami'o'in Amurka (AAUP) ta 1940 ce ta ce kada gwajin ya wuce shekara 7.

Wata malama: To "tabbatarwa a aiki" fa?

Malamin jami'a: Hajiya, ai wannan ko masinja yana samu. Ta yi wa abin kaɗan.

Dattijo: Ku dubi asalinsa mana. A 1900 wani malami, Edward Ross, ya rasa aikinsa a jami'ar Stanford don Jane Stanford, wadda ta kafa jami'ar tare da mijinta, ba ta son ra'ayoyinsa. Irin haka ne ya kai ga kafa AAUP a 1915. Bakin malami ake karewa. Ni "rigar kariya" zan ce.

Wata malama: Baba, ranka ya daɗe, gwamnoni sun riga mu sa wannan rigar. Mai karatu zai ɗauka ba a kai malamin kotu.

Ɗalibi: A sa mutu-ka-raba kawai! Tun 1994 ba a tilasta musu ritaya a Amurka, mu kuwa a Najeriya farfesa na cika 70 sai gida.

Malamin jami'a: Yaro, bar wasa. "Kujerar dindindin" ta fi zama. Kunne ya saba da ita daga labaran Kwamitin Sulhu, kuma tana shiga jimla: ya samu kujerar dindindin, an hana shi kujerar dindindin.

Dattijo: Ba ta faɗi maganar 'yancin baki ba, amma na yarda. A ƙara bayani a ambaton farko.

Mai fassara: Na gode, ita zan sa.