Ƙoƙon da Suka Sha: Musayar Waƙa a kan Manzannin Almasihu

Baba Ayuba:

Salama a gare ku, 'ya'yana da ƙannena. Wannan karon zancen manzannin Ubangijinmu za mu yi, yadda aka kira su da yadda suka bar duniya. Ƙwar huɗu ce, kowane baiti ya sauka a kan "ba".

Da sunan Uba na buɗe fage,
Mai ganin abin da ba a hange,
Ya zaɓi nasa, a kansu ya dage,
Ba don sun fi kowa sani ba.

A bakin tekun Galili Yesu ya tsaya,
Bitrus da Andarawus na shan wuya,
Ya ce su biyo shi, babu waiwaya,
Suka bar taru, ba su yi jinkiri ba.

Yaƙub da Yohanna na gyaran taru,
Da ubansu Zabadi a jirgi sun taru,
Kira ɗaya ya yi, abu ya faru,
Ba su ce sai mun gama aiki ba.

Matiyu na zaune wurin haraji,
Sana'ar da ba mai so ko ya ji,
Ya tashi ya bi sawun Ubangiji,
Bai tsaya ƙirgen kuɗin ranar ba.

Sai dai ku tuna daren Getsamani,
Da aka zo da takubba, ina imani?
Duk suka tsere, wani na bin wani,
Ko ɗaya bai tsaya a gefensa ba.

Bitrus na jin ɗumi a bakin wuta,
Baranya ta gane shi, ta furta,
Sau uku yana musu, yana nanata
Cewa shi bai san mutumin ba.

To ga tambayata, ku ba ni amsa:
Mutanen da tsoro ya kora nesa,
Me ya sa kowa ya sadaukar da ransa,
Bai sake neman hanyar gudu ba?

Rifkatu:

Baba, ina gaisuwa. Bari in fara da amsar, sannan in ɗauki na farkonsu.

Baba, na gaishe ka da girmamawa,
Amsarka tana can bakin kushewa,
Sun gan shi a raye bayan binnewa,
Wanda ya ga haka ba zai ji tsoro ba.

Ya ci gasasshen kifi a gabansu,
Kwana 40 yana bayyana gare su,
Ran Fentikos Ruhu ya sauko kansu,
Ba su ƙara kulle ƙofa ba.

Yaƙub ɗan Zabadi ne na fari,
Hirudus Agaribas ya ƙulla sharri,
Da kaifin takobi ya tafi da wuri,
Shekara ta 44 ba ta wuce ba.

Duba Ayyukan Manzanni 12,
Mutuwarsa duka a aya biyu,
Shi da ya ga 'yar Yayirus ta rayu,
Ba a rubuta kalmarsa ta ƙarshe ba.

Mama Saratu:

Rifkatu 'yata, kin taɓa ni inda ke mini ciwo. Duk wanda aka kashe ɗan wata ne.

Ni uwa ce, uwarsa nake tunawa,
Ta zo gaban Yesu tana durƙusawa,
Dama da hagunsa take nema wa
'Ya'yanta biyu, ba ta ji kunya ba.

Ya tambaye su, kwa sha ƙoƙona?
Suka ce ma iya, tun kafin su auna,
Ya ce lalle za ku sha, ku ɗanɗana,
Amma kujerar ba ni zan bayar ba.

Kar ku ga laifinta, ku matasa,
Kowace uwa na so a ɗaga ɗanta bisa,
Ta bi Yesu har wurin gicciyensa,
Ranar da maza da yawa ba su je ba.

Akwai kuma matar Bitrus, ku sani,
Kilemas na Iskandariya, masani,
Ya ce an tafi kashe ta, miji na gani,
Bai ce mata ki tsira da ranki ba.

Ya kira sunanta da ƙarfi ta ji,
Ya ce ke dai ki tuna da Ubangiji,
Wannan shi ne guzuri daga miji,
Ban ji wanda ya fi shi tsada ba.

Malam Dauda:

Mama, Allah ya ƙara lafiya. Tunda kin shigar da mu gidan Bitrus, zan bi shi har Roma.

Bayan Yaƙub, Bitrus aka kama,
Da sarƙa biyu, hagu da dama,
Soja 16 na gadi, amma
Barci yake, hankalinsa bai tashi ba.

Mala'ika ya fitar da shi cikin dare,
Ƙofar ƙarfe ta buɗe, ba mai tare,
Baranya Roda ta ji muryarsa a zaure,
Don murna ta ruga, ba ta buɗe ba.

Tun a bakin teku aka faɗa masa,
In ya tsufa zai miƙa hannuwansa,
Wani ya ɗaure shi ya ja shi nesa,
Inda ransa bai so zuwa ba.

A 64 Roma ta yi gobara,
Ana zargin Sarki Niro, sai ya yi dabara,
Ya ɗora wa masu bi laifin, ya fara
Azabar da baki ba zai iya faɗi ba.

Tasitus marubucin Romawa
Ba mai bi ba ne, ga abin da yake cewa:
An sa musu fatu, karnuka na yagawa,
Wasu aka gicciye, ba a ji tausayi ba.

Wasu aka cinna wa wuta da magariba,
Su haska lambun sarki, a zo a duba,
Cikin wannan tsanani aka raba
Bitrus da duniya, bai yi musu ba.

An ce ya roƙa a juya kansa ƙasa,
Wane shi ya mutu irin ta Ubangijinsa,
A tudun Batikan aka binne gawarsa,
Har yau masu ziyara ba su yanke ba.

Ɗanladi:

Malam, a ba yara fili, sauran manzannin na jira.

Andarawus a Fataras ta Girka,
Kan itace a gilme suka ɗaure shi haka,
Kwana biyu a rataye, ana ta kuka,
Bakinsa bai bar wa'azi ba.

Bartalamawas a ƙasar Armeniya,
Aka feɗe shi da rai, ka ji wuya,
Filibus a Hirafolis ta Firijiya,
Shi ma bai mutu a kan gado ba.

Saminu da Yahuza can Farisa,
Matiyu a Habasha ya ba da ransa,
Waɗannan duk jininsu ya zuba ƙasa,
Ko ɗaya bai sayi rai da musu ba.

Malam Dauda:

Sannu da ƙoƙari, Ɗanladi. Amma akwai abin da ya kamata mu tace tare.

Ƙanena, mu raba aya da tsakuwa,
Akwai na Littafi, akwai na jiyowa,
Kowanne da mizanin aunawa,
Ka lura, ban ce ka yi ƙarya ba.

Cikin su 12, Littafi Mai Tsarki
Ya faɗi ta Yaƙub a hannun sarki,
Da ta Iskariyoti mai mugun aiki,
Bayan su bai ba da ta kowa ba.

Ta Bitrus da Bulus tana da ƙarfi,
Kilemas na Roma ya sa a littafi,
Wajen 96, bayan sun tafi,
Waɗanda suka san su ba su ƙare ba.

Yaƙub ɗan'uwan Ubangiji kuma,
Yosifus Bayahude ya rubuta, a Urushalima
Aka jajjefe shi a 62, shi ma
Ba daga bakinmu kaɗai aka ji ba.

Amma feɗewa da gilmen itace,
Ɗaruruwan shekaru suka wuce
Kafin su bayyana a rubuce,
Kuma bakin masu faɗa bai zo ɗaya ba.

Akwai wanda tun ƙarni na biyu
Ya ce ba kashe shi aka yi ba, Matiyu,
Da gaskiya bangaskiyarmu ta rayu,
Ba sai mun ƙara mata gishiri ba.

Ɗanladi:

Malam, na ji ka, amma ina tambaya,
Wa ke bin masunci da alƙalami a baya?
Armeniyawa sun riƙe Bartalamawas a zuciya,
Ba jiya suka fara faɗa ba.

Ikkilisiyarsu ana ce mata ta Manzanni,
Ta riƙe sunansa ƙarni bayan ƙarni,
Abin da aka gada daga kakanni
Ba zan yar don rashin takarda ba.

Baba Ayuba:

Ku duka biyun ku riƙe naku,
Zan ci gaba da sauraronku,
Amma kun bar Bulus a bayanku,
Har yanzu ba a ba shi haƙƙinsa ba.

Iliya:

Baba, ga ni. A bar mini Bulus, wasiƙunsa ne suka riƙe ni lokacin da nake jinya.

Ranar da aka jajjefi Istifanus,
Wa ke tsaron riguna? Mutumin Tarsus,
Shawulu, wanda muke kira Bulus,
Jinin nan bai dame shi ba.

Ya karɓi wasiƙu zuwa Dimashƙu,
Ya kamo masu bi ya kai kurkuku,
Haske ya kayar da shi, kwana uku
Bai gani ba, bai ci ba, bai sha ba.

Shi ya lissafa wa Korintiyawa:
Sau 5 bulala 39, ba ragewa,
Sau 3 sanduna, sau 3 jirgi na fashewa,
Jifan Listira ma bai kashe shi ba.

Ɗinkin tanti ke ba shi abinci,
Gaban Kaisar ya nemi hukunci,
Da yake ɗan ƙasar Roma ne mai 'yanci,
Takobi aka sa, ba gicciye ba.

A hanyar Ostiya, bayan ganuwa,
Nan kabarinsa yake, ana ta zuwa,
Ya riga ya rubuta wa Timoti cewa
Ya gama tseren, bai saki bangaskiya ba.

Rifkatu:

Yaya Iliya, Allah ya ƙara sauƙi. Ni Toma nake so in wanke, an daɗe ana rage masa daraja.

Kullum ana ce wa Toma mai shakka,
Da za a koma Yahudiya ana tsoron halaka,
Shi ya ce mu je mu mutu da shi duka,
Wani bai riga shi faɗa ba.

Ya ce sai ya ga gurbin ƙusa,
Yesu ya nuna hannu da kuiɓinsa,
Ya kira shi Ubangijinsa, Allahnsa,
Bai ƙara neman wata shaida ba.

Kiristan Kerala, kudancin Indiya,
Sun ce a 52 ya iso da tafiya,
Mutanen Fotugal sun tarar da ikkilisiya
A can, ba su suka kafa ta ba.

A Mailafur, yankin Cennai,
Aka ce da mashi aka raba shi da rai,
A 72, yana addu'a, sunkuye da kai,
Ba a binne shi a ƙasar haihuwa ba.

Ɗanladi:

Saura Yohanna, shi ke damuna,
Shi ma an ce zai sha ƙoƙon, Mamana,
Ga shi ya tsufa, a Afisa ya zauna,
Ashe nasa rabon bai sha ba?

Mama Saratu:

Ɗana, wannan tambayar ta tsofaffi ce, ka bar mini ita.

Ɗana, ƙuruciya ce ke magana,
Kana ganin takobi ne kaɗai ƙuna,
Tambayi wanda ya kai shekaruna,
Zai ce maka tsufa bai zo da sauƙi ba.

Shi ne a gindin gicciye a tsaye,
Aka ba shi Maryamu, Ɗanta a rataye,
Ya kai ta gidansa, ya riƙe, ya kiyaye,
Bai bar ta ta yi maraicin ɗa ba.

An sare ɗan'uwansa, ya ji,
Bitrus abokin tafiyarsa, ya ji,
Bulus da sauran, ɗaya-ɗaya ya ji,
Bai rage da abokin tuna baya ba.

A 70 Romawa suka ƙone Haikali,
Inda shi da Bitrus suka ta da gurgu a fili,
Babu Urushalima, ga nisan Galili,
Bai ce Ubangiji ya manta shi ba.

Aka kai shi Batmusa a tsakiyar teku,
Tsibirin ya zame masa kurkuku,
Can ya rubuto Wahayin da ke hannunku
Ga ikkilisiya 7, bai tsallake ɗaya ba.

Ya koma Afisa da furfura,
Yana nan har mulkin Tarajan ya fara,
Folikaf na Simirna na cikin yara
Da suka zauna gabansa, bai manta ba.

Masani Jerom ya ce da ƙafafu suka gaza,
Ɗauko shi ake a hannun maza,
Wa'azinsa ɗaya, ba kaza da kaza,
Ku ƙaunaci juna, bai ƙara komai ba.

Yaƙub ya shanye nasa gaba ɗaya,
Yohanna kurɓi-kurɓi, da wuya,
Uwarsu ɗaya, alkawarin ma ɗaya,
Kar ka ce ɗayan bai sha ba.

Malam Dauda:

Mama, a kan Yohanna ba ni da abin ƙarawa. Amma yaron nan da kika ambata a gaban tsohon, ga yadda tasa ta ƙare.

Folikaf ya riƙe ikkilisiyar Simirna,
Izmir ke nan a Turkiyya, sabon suna,
Wajen 155 aka kai shi gaban gwamna,
Tsufansa bai sa an ƙyale shi ba.

Gwamna ya ce, zagi Almasihu ka tafi,
Tsoho ya amsa da sauran ƙarfi:
Shekara 86 ina bauta masa, laifi
Ko ɗaya bai taɓa yi mini ba.

Suka tara itace a filin wasa,
Ya ce zai tsaya, kar su sa ƙusa,
Da wuƙa aka ƙarasa shi, wasiƙar jama'arsa
Ta ce wutar ba ta ci shi ba.