Dan Allah a bani shawara, na kama wurin haɗa sarƙa amma abokan tafiya sun fara zamewa

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wallahi kwana uku kenan bana iya bacci. Shekara 6 ina haɗa sarƙa da 'yan kunne da awarwaro na duwatsu a ɗakina a Tudun Wada, akan tabarma nake baza kaya, yara su shigo su watsar min da duwatsu in raba dare ina tsince su ɗaya bayan ɗaya da fitilar waya, kuma kwastoma in ta zo sai dai in shigar da ita har uwar ɗaka, maigida baya son haka ko kaɗan. A kasuwar baje koli ta Kaduna na haɗu da masu irin sana'ata har muka zama mu 7, mu huɗu mata masu duwatsu, maƙeran fari biyu masu aikin azurfa da tagulla, sai wani yaro da ya gama karatun zane a ABU Zariya. Muka ce mu kama wuri ɗaya, baya wajen aiki, gaba mu sa gilas mu jera kayan kowa da sunansa, mai saye ya shigo ya zaɓa ya kuma ga yadda ake yi da idonsa. Na samu falo da ɗaki biyu a Unguwar Rimi, na kwashe adashena na biya hayar shekara saboda ejan yace akwai mai so. Yanzu mata biyu sun ce sai bayan sallah, maƙeri ɗaya kuma ya daina ɗaga wayata. Ya zan yi?

Alhajin 'Yan Gwal: Wa'alaikumus salam. Hajiya kafin komai, sunan wa ke jikin rasit ɗin haya, kuma kun rubuta wani abu tsakaninku? Na fi shekara 20 ina harkar gwal da azurfa a babbar kasuwa ta Sheikh Gumi, ban taɓa ganin haɗakar baki da baki ta kai shekara ba. Sannan wurin ma kin yi kuskure. Mai haɗa lefe kasuwa take shiga, ta sayi atamfa da leshi ta biya ta sayi sarƙa a rana ɗaya, wa zai hau keke napep har Unguwar Rimi saboda 'yan kunne?

Maman Biyu: Sunana ne a rasit Alhaji, bamu rubuta komai ba don mutanen kirki ne, har gidan sunan ɗayarsu na je. Kuma ai ba shago muke so ba, a kasuwa ina za mu samu ɗakin da maƙeri zai kunna wuta? Masu sayen kayana da yawa a Malali da Unguwar Rimi suke, a WhatsApp suke gani su aiko.

Anti Barnawa: Ƙanwata ni dai haɗaka ta ishe ni. Na taɓa zama shago ɗaya da wata, wata uku ina gyara wani samfurin sarƙar murjani mai hawa uku, ranar da na je asibiti da yarona ta ɗauki hotonsa ta sa a Instagram a matsayin nata, ta karya farashi, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ko gaisuwa bama yi yanzu. Ki yi abinki ke kaɗai.

Alhajin 'Yan Gwal: Ke kaɗai ma ba zai yiwu ba, wa zai tare miki haya shekara mai zuwa? Ki saurare ni da kyau. Tunda kuɗinki ne, ke ce mai wuri, su 'yan haya ne, kowa ya biya kuɗin teburinsa duk wata, abinda aka sayar a gilas ki cire kashi 10 cikin 100 na wuta da maigadi. Ki sayi sikeli mai auna giram ki ajiye a gaba. Azurfa in an ce 925 to kashi 92.5 cikin 100 azurfa ce tsantsa, gwal mai karat 21 kashi 87.5 ne, mai 18 kashi 75. Ranar da wani cikinsu ya cakuɗa tagulla fiye da ƙima ya sayar, ƙofarki za a zo da 'yan sanda ba tasa ba. Kada ma ki bari a ajiye gwal a wurin ya kwana.

Ɗan Maƙera: Alhaji da girmanka amma maganar haya ba za ta yi wa maƙeri ba. Mahaifina da zuga-zugi da gawayi ya yi aiki, ni yanzu gas nake amfani da shi, kuma abinda ke kashe mu kayan aiki ne, injin murza waya da injin goge ƙarfe mutum ɗaya baya iya saye. In za a haɗu a saya tare shine amfanin zama wuri ɗaya. Ku yi rijistar ƙungiyar gama kai kowa ya zuba jari daidai. Ku dubi Bida, masu narka gilas na unguwar Masaga da masu aikin tagulla, kowace sana'a a unguwarta suke zaune tare tun kaka da kakanni, shi yasa baƙo ke zuwa takanas. Amma Hajiya mai gidan ya san za a kunna wuta a ɗakin? Akwai taga babba? Hayaƙin narka ƙarfe ba wasa bane ga mata masu goyo.

Maman Biyu: Taga akwai ɗaya. Ban faɗa wa mai gida maganar wuta ba tukuna, nace sai mun tare ya ga tsabtar aikinmu. Ni gaskiya bana so in zama mai karɓar haya a hannun ƙawayena, ba haka muka faro ba.

Amaryar Kawo: Ni fa a lefena duk sarƙoƙin fashon na waje aka sa, biyu sun koɗe kafin in yi wata uku, dangin miji kuma suka ce ni ce bana adanawa. Da na san inda ake na azurfa a garin nan da can zan tura su.

Alhajin 'Yan Gwal: Gama kai da mutanen da basa ɗaga waya? Hajiya ki je CAC, hukumar rijistar kamfanoni, ki yi rijistar sunan kasuwanci da sunanki, ki kira su zama ranar Asabar da shaidu biyu, wanda bai zo da kuɗi ba ki cire shi. Kuma ki je wajen mai gida gobe da kanki, in ya ji warin gas daga bakin maƙwabta notis zai baki, hayarki ta tafi.

Maman Biyu: Na gode Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma maƙerin nan na san ba guduwa ya yi ba, matarsa ce bata da lafiya aka ce min. Kafinta ma ya riga ya auna gilas ɗin gaba na bashi kafin alƙalami. Ɗan Maƙera dan Allah injin gogewar nan ana samun na hannu a kasuwar Panteka ko sai an je Kano? Kuma sola ƙarama zata iya ɗaukarsa?