Tes ɗin MTH 102 ya wuce ni ina kwance, malami ya ce ba ramuwa

Ɗan Aji Ɗaya:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni wucewa ta nan. Ina aji ɗaya a tsangayar injiniya, zango na biyu, kuma cikin kwasa-kwasanmu akwai MTH 102, wato kalkulas. Ranar farko malaminmu bai koyar da komai ba, dokoki ya karanto muka rubuta. Wanda bai halarci kashi 75 cikin ɗari na lakcoci ba, ba zai shiga jarrabawa ba. Maki 30 na CA ne, wato aikin cikin zango, 20 na tes, 10 na aikin gida, sauran 70 na jarrabawa. Ba a shiga da kalkuletar da ke iya intagireshan. Amsar da ba a nuna matakanta ba sifili ce ko da daidai take. Wanda kuma tes ya wuce shi, ba za a yi masa wani ba.

Ta ƙarshen nan ce ta ci ni. Ranar Talatar da aka yi tes ina kwance a gida, zazzaɓin cizon sauro ya kayar da ni, kwana biyar ban leƙa ƙofar gida ba. Inna ce ta kira mai kemis na unguwarmu ya zo ya yi min allurai, ban je asibitin makaranta ba. Da na samu sauƙi na same shi a ofis. Ya saurare ni tsaf, ya ce Allah ya ƙara lafiya, amma shi ba ya karɓar uzuri da baki.

Lakca huɗu na rasa cikin 24 da ya ce za mu yi. Sannan tun da muka bar difarenshiyeshan muka shiga intagireshan kaina ya ɗaure. A can akwai ƙa'ida, in ka bi ta ka fita. A nan kuwa sai in yi rabin awa ina kallon ∫ x eˣ dx ban san ta ina zan kama ba. Baba ya sayar da buhunan masara kafin ya biya min rajista, ba na so sakamakona na aji ɗaya ya zo da F. Akwai abin da zan iya yi kan tes ɗin? In kuma babu, zan iya tsallakewa ba tare da shi ba?

Yayanku na Aji Huɗu:

Wa alaikumus salam. Ƙanina, Allah ya ƙara lafiya. Ka fara yin lissafin kafin ka tayar da hankalinka. Makin ci 40 ne. A ce ka samu 8 cikin 10 a aikin gida, to 32 kake nema cikin 70, bai ma kai rabi ba. In C kake so, wato 50, sai ka nemo 42 cikin 70. B tana buƙatar 52. Ita A ce kawai ta yi maka nisa, don sai ka kawo 62. Ka ga ƙofa ba ta rufe ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro game da kai halartar lakca ce. Kashi 75 na 24 shi ne 18, ke nan shida kaɗai za ka iya rasawa, huɗu sun tafi. Biyu suka rage maka, ka riƙe su don ranar larura.

Kuma kada ka bari kwas ɗin ya zama kariyoba, wato ka faɗi ka sake ɗaukarsa baɗi. A aji biyu zai ci karo da wasu lakcocinka, ga lissafin aji biyu duk a kansa aka ɗora shi.

Malamin Lissafi:

Ɗana, shekara goma sha ɗaya ina koyar da wannan kwas a wata makarantar, ba taku ba, kuma yawancin dokokin da ka lissafo ni ma ina kafa su. Bari in gaya maka dalilinsu, don in ka gane dalilin za ka san yadda za ka yi karatun.

Maganar matakai. In na ba ka ∫ x² dx daga 0 zuwa 3 ka rubuto min 9 kawai, ban san ko kai ka yi ba, ko na'ura, ko na kusa da kai. Irin Casio fx-991ES ɗin nan tana fitar da wannan lambar da zarar ka danna, shi ya sa ake hana ta. Abin da nake auna shi ne ko ka san x³/3 ce ke haifar da x² in an yi mata difarenshiyeshan. Wannan doka kuma gata ce a gare ka: a takardar makina, tambaya mai maki goma, amsar ƙarshe ba ta wuce biyu. Ɗalibin da ya ɗauko hanya daidai ya yi tuntuɓe a layin ƙarshe yana tafiya da bakwai ko takwas. Don haka kada ka bar tambaya fanko. Rubuta u ɗin da ka zaɓa, rubuta du, mu ga inda ka dosa.

Kukan da ka yi cewa intagireshan ba shi da ƙa'ida ɗaya gaskiya ne. Aikin gane fuska ne, ido ke sabawa. Kafin ka ɗora biro ka tambayi kanka: akwai wani abu a ciki da difarenshiyeshan ɗinsa ke tsaye a gefe? A ∫ 2x cos(x²) dx, ga x² a ciki, ga 2x a waje, sai ka musanya x² da u, amsa ta fito sin(x²) + C. In kuwa abubuwa biyu ne da ba dangin juna ba aka haɗa, kamar x da eˣ ɗinka, sai ka raba su gida biyu, u da dv. Wanda ke raguwa in an yi masa difarenshiyeshan shi ne u. x tana komawa 1, to ita ce. dv ita ce eˣ dx, v kuma eˣ. Daga uv − ∫ v du ka samu x eˣ − eˣ + C. In kuma ka ga irin 1/(x² − 1), ka tsaga shi ya koma ½[1/(x − 1) − 1/(x + 1)], kowane ɓangare ya ba ka ln.

Kuma kana da abin da ba kowane darasi ke ba ɗalibi ba: kana iya yi wa kanka maki. Yi wa amsarka difarenshiyeshan. x eˣ − eˣ tana ba da eˣ + x eˣ − eˣ, saura x eˣ. Ka dawo inda ka taso, amsarka daidai ce, ba sai ka tambayi kowa ba.

Inda na fi ganin maki na zubewa duk shekara: manta + C, da amfani da ƙa'idar xⁿ⁺¹/(n + 1) a kan 1/x, alhali n = −1 na sa ƙasan ya zama sifili, amsar ita ce ln|x| + C. Sai tambayar fili. Intagireshan ɗin sin x daga 0 zuwa 2π sifili ne, amma filin da ke tsakanin zanen da layin x 4 ne, don rabin yana ƙasa da layi. Wanda bai zana hoton ba sifili zai rubuta. Wannan alamar ∫ da Leibniz ya ƙirƙiro doguwar S ce, ta kalmar jimla a Latin. Tara siraran yanka-yanka ake yi, na ƙasan layi kuwa da alamar ragi suke shigowa.

Game da tes, ni ma ba na yin ramuwa da baki. Na taɓa yi, washegari mutum arba'in suka yi layi a ƙofata, kowa da rasuwar kakarsa.

'Yar Fiziks:

Malam, Allah ya saka da alheri, amma a nan ina da ja. Wannan yaron bai yi ƙarya ba, kuma laifin masu ƙarya ne ake ɗora masa. Wanda ke zaune a hostel taku kaɗan ne tsakaninsa da asibitin makaranta. Wanda ke zuwa daga cikin gari, yana rawar ɗari, wa zai ɗora shi a adaidaita sahu ya kai shi can don kawai a samu takardar likita? Ni na maimaita wannan kwas ɗin, kuma ba don ban iya ba. Haihuwa na yi ana saura kwana uku tes, ban san ana rubuta takardar uzuri ba, ba wanda ya gaya min, sai da sakamako ya fito.

Ƙanina, abin da na koya daga baya ke nan. Kada ka koma wurin malamin da roƙo. Ka je wurin malamin da ke kula da ajinku, ka rubuta takarda zuwa ga shugaban sashe ta hannunsa, ka faɗi ranakun da ka kwanta. Ka je asibitin makaranta ka yi wa likita bayani, a makarantarmu sai da hatiminsu ake karɓar uzurin rashin lafiya. Allurar kemis ba lallai su amince da ita ba, amma in sun gwada jininka ko sun ga magungunan, wataƙila su rubuta maka wani abu. Ka yi shi cikin makon nan, ka ajiye kwafi.

Wani abu kuma, za a ce maka ka ba aboki lambarka ya riƙa sa maka hannu a takardar halarta. Kada ka yarda. A ajinmu malami ya kira suna daga takardar rana ɗaya, mutum tara ba su amsa ba, da su da waɗanda suka sa musu hannu duk sai da suka gurfana gaban kwamiti.

Malamin Lissafi:

'Yata, ban musa miki ba. In takarda ta zo min daga shugaban sashe ina yin tes na biyu, tambayoyi daban. Laifinmu da na yarda da shi shi ne muna karanta hukuncin a ranar farko, ba ma karanta hanyar kawo uzuri. Zango mai zuwa zan haɗa da ita.

Ɗan Aji Ɗaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Yaya 'Yar Fiziks, yau na kai takardar, malamin ajinmu ya karɓa, ya ce in kawo ta asibiti ranar Litinin. Malam, na gwada ∫ x cos x dx da hanyar da ka nuna. Na sa u = x, dv = cos x dx, na samu x sin x + cos x + C. Da na juya shi ya ba ni sin x + x cos x − sin x, saura x cos x. Amma ∫ ln x dx ta tsayar da ni, abu ɗaya ne tal, me zan raba gida biyu?

Malamin Lissafi:

Ta farkon daidai take. Ta biyun kuwa ba ɗaya ba ce, akwai 1 a ɓoye a gabanta. Sa u = ln x, dv = 1 dx, ka turo min abin da ka samu, da matakansa.