Shekara huɗu ana ce mini "sunanka ne a sama": in ƙara jira ko in kama gabana?

Malamin_Wucingadi: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali. Shekarata huɗu ina koyarwa ta wucin gadi a wata jami'ar jiha. Kwas uku nake ɗauka kowane zango, dubu 60 a kan kowanne, kuma ba a biya sai zangon ya ƙare, wani lokacin sai na gaba ya yi nisa. Shugaban sashenmu shi ya duba aikina na digiri na biyu, kuma kullum maganarsa ɗaya: da zarar gwamna ya sa hannu a ɗauki ma'aikata, sunana ne a sama. Yanzu wata sakandare mai zaman kanta a Kaduna ta ba ni aiki, dubu 150 a wata da ɗaki biyu. Suna son amsa ranar Litinin. Ba zan iya haɗa biyun ba saboda nisa. Iyalina tana da juna biyu.

Abu_Safwan: Wa alaikumus salam. Ka yi digirin digirgir kawai, TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, na ɗaukar nauyi.

Bakatsine: TETFund ɗin da sai mai takardar aiki ta dindindin take ɗaukar nauyinsa? Ka karanta tambayar kuwa? Malam, lissafi kawai na yi maka: dubu 360 a shekara, wato dubu 30 a wata. Ko rabin mafi ƙarancin albashi na dubu 70 da aka sa wa hannu a 2024 ba ka kai ba.

Gawon_Shanu: Ɗan'uwa, sai da na ajiye waya na sha ruwa kafin na iya rubutu. Shekara bakwai na yi, 2015 zuwa 2022, a jami'ar tarayya. Ajin 'yan shekarar farko ake jibga mini, wanda manya ke gudu, ɗalibai sun fi 700, wasu a tsaye a bakin taga. Ni ne koyarwa, ni ne tsaron jarrabawa, ni ne makin takardu da fitilar caji har kiran sallar farko. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Sau uku na kai takarduna. Na farko aka ce akwai takunkumin ɗaukar ma'aikata. Na biyu aka ce ana jiran sahalewa daga Abuja. Da IPPIS, tsarin biyan albashi na gwamnatin tarayya, ta shigo a 2020, ɗan abin da ake ba mu ma ya tsaya. Sai yajin aikin 2022, Fabrairu zuwa Oktoba, wata takwas ba aji, ba sisi. Mai albashi ma ya ji a jikinsa, balle ni da sai na shiga aji ake lissafa ni. Babur ɗina a lokacin na sayar.

Da aka koma, sunaye uku suka fito a sashenmu. Ɗaya yaron da ni na duba masa aikin kammala digiri ne, ni na gyara masa Turancin babi na ɗaya. Shugaban sashe ya kasa haɗa ido da ni, ya ce wallahi daga sama aka aiko. Na yarda da shi, don ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Kawai ya yi mini alkawarin abin da ba a hannunsa yake ba. Yanzu caja da gilashin waya nake sayarwa a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, kuma ban taɓa kwana ba a ɗora tukunya ba.

Maman_Khairat: Allah ya saka maka, Malam.

Ɗan_Kwaleji: Ni abin da ya tsaya mini shi ne dubu 60. A kwalejinmu dubu 25 ne kwas, kuma muna bin zango biyu.

Abu_Safwan: Ƙanena dubu 120 ake ba shi a jami'a mai zaman kanta.

Ɗan_Kwaleji: A kwas ko a wata?

Abu_Safwan: Zan tambaye shi.

Dattijon_Sashe: Yara, ku bi a hankali. Shekarata 26 a wannan aiki, na kuma riƙe sashe. Shugaban sashe ba ya ɗaukar kowa aiki, bukata yake miƙawa. Akwai kwamitin naɗe-naɗe, akwai majalisar gudanarwar jami'a, a ta jiha kuma sai gwamnati ta yarda za ta ɗauki ƙarin albashin. Ka je ka yi masa tambaya biyu cikin ladabi: an tura bukatar gurbi a rubuce? An sa gurbin a kasafin bana? In ya fara kame-kame, ka ji amsarka. Amma ni da kaina na shigar da mutum biyu da suka yi haƙuri. Wanda ya tafi, mantawa ake da shi.

Bakatsine: Baba, da girmanka, ku zamaninku daga bautar ƙasa ake riƙe mutum. Ba ka taɓa jiran zango ya ƙare kafin ka auno masara ba.

Dattijon_Sashe: Albashinmu na zamanin soja ka san nawa ne? Kai da ko alli ba ka taɓa riƙewa ba, me ya kawo ka zancen malamai?

Gawon_Shanu: Biyu ka shigar, Baba. Nawa ne suka jira?

Sarkin_Zolaya: Malam, ka raɗa wa jaririn suna Sahalewa. Ko ba komai ta iso gidanka.

Maman_Khairat: Ba abin dariya ba ne. Duk cikinku ba wanda ya ce ya tambayi matarsa, alhali ita ke fuskantar mai shago da littafin bashi. Nawa maigidan sai da na ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki sau ya fi goma kafin ya ji.

Ɗan_Kwaleji: Gaskiyar da ake ɓoyewa, gurbi sayensa ake yi. An ce mini miliyan biyu.

Sarkin_Zolaya: Tsohon farashi ke nan. Biyar na ji, kuma ofar ma ta iya zama ta bogi.

Bakatsine: Ai a 2023 kwamitin Majalisar Wakilai ya zauna a kan cinikin guraben aiki, duk mun gani a labarai. Wa kuka ji an mayar wa gurbinsa?

Dattijon_Sashe: Kuna ta kokawar shiga, mu na ciki fa? Albashin da aka riƙe na yajin 2022, wata huɗu aka saki a farkon 2024. A Disambar 2023 aka ce an cire jami'o'i daga IPPIS, amma sai da muka daɗe ana gafara sa ba mu ga ƙaho ba. Malaman da na horar suna ta ficewa ƙasashen waje.

Gawon_Shanu: To ga shi kai ma ka faɗa da bakinka.

Malamin_Wucingadi: Na gode ƙwarai. Amma tamu ta jiha ce, IPPIS ba ta shafe mu ba. Na kira shugaban sashe ɗazu, ya ce in ƙara haƙuri zuwa bayan Sallah. Litinin ɗin jibi ce.

Ɗan_Kwaleji: Malam, in ba za ka je Kadunan ba, don Allah ka turo mini lambarsu ta akwatin sirri. Ɗaki biyun har da ruwa da wuta?