Birkin baya ya cije, in canza irin nasa ko in sa babba?

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman bakanikenmu da ke nan Jidda. Ina da Honda Accord ƙirar 2005, ita nake kai yara makaranta da ita. Kalifa ɗin birkin baya na dama, wato ƙarfen da ke matse takalmin birki a jikin faifai, ya cije. Ko ɗan zagaye na yi a unguwa, sai ƙafar ta ɗau zafi har ba ta taɓuwa, ga warin ƙuna.

Da muka kwance, robar fistin ta yage, tsatsa ta cinye shi, don danshin tekun nan ba ya barin ƙarfe. Irin wannan fistin murɗa shi ake yi ya koma, saboda birkin hannu a jikinsa yake, amma ya ƙi motsi ko kaɗan. Takalmin birkin na ciki ya siɗe har ƙarfe, ya tsaga layi a faifan.

Wani a tashlihi, inda ake sayar da kayan tsofaffin motoci, ya ce in sa kalifa ta babbar mota, wai za ta fi kamawa. Hankalina bai kwanta ba. In baya ya fi gaba kamu, ai motar juyawa za ta yi in an taka da ƙarfi.

Don Allah, wa ya taɓa yin haka? Dole ne in canza ɓangarorin biyu tare? Kuma man birki DOT 4 zai yi a madadin DOT 3? Istimara, wato takardar rajistar motar, ta kusa ƙarewa, ba a sabunta ta sai motar ta ci fahas, wato gwajin lafiyar mota.