Shin ƙamshin da funfuna ke samarwa ya cancanci a kira shi na halitta?

Ɗalibar Kimiyya:
Assalamu alaikum. Na samu labarin cewa ana iya samar da ƙamshin banila ba tare da an taɓa tsiron banila ba, ta hanyar tsima wasu abubuwa da funfuna. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda funfuna, wadda aka sani da lalata abinci, za ta fitar da ƙamshi mai daɗi, da kuma hujjar da ake kiran wannan ƙamshi na halitta.

Mai Nazari:
Wa alaikumus salam, Malama. Sinadarin da ke ba banila ƙamshinta sunansa banilin, kuma abin da ake samu daga tsiron, wanda Madagaska ta fi kowa nomawa, bai kai ko kusa da buƙatar duniya ba. Wata hanya da masana suka gwada tana farawa da sinadarin ferulik da ake cirowa daga dusar shinkafa. Funfunar Aspergillus niger ce take fara sarrafa shi, sannan a miƙa abin da ta fitar ga wata funfunar mai suna Pycnoporus cinnabarinus, ita kuma ta ƙarasa mayar da shi banilin. Game da suna kuwa, dokar Tarayyar Turai mai lamba 1334 ta shekarar 2008 ta amince a kira ƙamshi na halitta muddin asalinsa tsiro ne ko dabba ko ƙwayoyin halitta, kuma an sarrafa shi ta hanyoyin da dokar ta yarda da su, ciki har da amfani da ƙwayoyin halitta irin su funfuna.

Ma'aikacin Ɗakin Gwaji:
Bayanin Malam ya yi daidai, sai dai aikin ba shi da sauƙi kamar yadda yake a takarda. Na yi renon wata funfuna mai suna Trichoderma harzianum, kuma duk wanda ya buɗe farantin bayan 'yan kwanaki, ya ga koren da ya lulluɓe shi, zai ji ƙamshin kwakwa ya daki hancinsa. Matsalar ita ce, da zarar sinadarin ya taru, sai ya zama guba ga funfunar da ta yi shi, girmanta ya tsaya cak. Shi ya sa ake zuba wasu ƙwayoyin roba a cikin tankin da ake renon funfunar domin su riƙa tsotse ƙamshin tun bai yi yawa ba.

Ɗalibar Kimiyya:
Na gode ƙwarai. To ina batun guba ga mai ci, tunda Aspergillus flavus tana fitar da gubar da ake kira aflatokzin?

Mai Nazari:
Ita da Aspergillus niger dangi ɗaya ne, amma jinsi daban. Ana amfani da Aspergillus niger wajen samar da sinadarin sitirik, mai sa lemo tsami, tun bayan binciken James Currie na 1917, kuma irin da masana'antu ke renowa zaɓaɓɓe ne, ana gwada shi kafin a sa shi aiki, sannan a tace abin da ya fitar.