Taya ɗaya ta yi filin tsere ta yi hanyar Jega, zai yiwu?

Bashar BMW: Salamu alaikum 'yan zaure. Ni dai ina nan kan bakana, ba sai mutum ya aje taya kala biyu ba. In ka samu Michelin Pilot Sport 4S ko Bridgestone Potenza RE-71RS ka ɗaura, da ita za ka shiga killataccen filin wasan mota ranar Asabar, da ita za ka tafi ofis Litinin. Masu cewa sai saiti biyu so suke kawai a ninka kashe kuɗi. Mai ja ya zo mu ja.

Usta Garba mai faci: Wa alaikumus salam. Bashar ɗana, wane titi kake nuhi? In na Abuja ne ban da magana. Amma in wanda munka sani ne, ka hita Birnin Kebbi ka bi Kalgo ka shiga Jega ka miƙe Koko, to wagga taya mai siririn gefe ba ta kai ka. Kullum sai an kawo min irinsu, rami ɗaya ta daka gefe ya yi ƙululu kamar ƙwai, kuma wurin ba ya ɗaukar faci don zaren ciki ne ya tsinke, sai dai a yar. Wani bi har rim ɗin ya lanƙwashe iska na sulalewa ta baki.

Injiniya Nura: Usta ya taɓo wurin. Lissafin yana jikin tayar ma. 225/40 R18 irin taka Bashar na nufin rim inci 18, faɗinta milimita 225, tsayin gefe kashi 40 cikin 100 na faɗin, wato milimita 90 ke nan tsakanin rim da kwalta. Ɗauki 205/65 R15 irin ta tsofaffin Camry, gefenta ya kai milimita 133. Wannan bambancin shi ke shanye dukan rami. A fili kuwa gajeren gefen ake so saboda ba ya lanƙwashewa a kwana, sitiyari na amsawa nan take. To ka ga abin da ke taimakonka can shi ne ke cutarka nan. Sannan Bashar ka haɗa taya biyu da ba aji ɗaya ba, duba lambar da ke gaban TREADWEAR, ta Pilot Sport 4S 300 ce, ta RE-71RS 200, akwai ma Toyo R888R mai 100. Ƙaramar lamba roba mai taushi, tana kama ƙasa sosai tana kuma cinyewa da wuri.

Bashar BMW: To ai ka taimake ni Injiniya, sai in ɗauki mai 300 ɗin, tsakiya ke nan, ta ɗan yi nan ta ɗan yi can

Injiniya Nura: Ta ɗan yi, eh. In sau ɗaya ko biyu a shekara kake shiga fili kuma ba kofi kake nema ba, na yarda da kai, an yi ta ne don irin haka. Amma ka matsa mata zagaye bayan zagaye za ka ji ta fara santsi don zafi ya wuce wanda robarta ke so, kafaɗar tayar gaba ta waje ta fara gutsurewa. Kuma kar ka ɗauki lambar nan kamar aya, kowane kamfani shi ke gwada tasa ya rubuta, 200 ɗin wani ba lalle ta zama 200 ɗin wani ba.

Shamsu Yauri: ku tsaya tukuna, wane wasa ma ake magana? don in dirif ne irin wanda mota ke juya ƙugu hayaƙi na tashi to wlh babu mai hankalin da zai sa Michelin a baya, ƙona ta za ka yi a yini ɗaya, masu yi mai arha suke sawa a baya su bar mai kama ƙasa a gaba saboda sitiyari, in kuma tseren agogo ne inda ake auna lokacin zagaye wannan wata magana ce daban

Bashar BMW: Na agogo nake nufi Shamsu, amma fa wani lokaci hannu kan yi ƙaiƙayi

Shamsu Yauri: to ka gani, ka riga ka zama mai saiti biyu ba ka sani ba

Alhaji Ɗanjuma direba: Ni tsohon direba ne, ban san fili ba, amma na san damina. Tayar da zanenta bai da zurhi in ta hau ruwa kwance bisa kwalta ba ta taɓa ƙasa, tahiya take bisa ruwan, ka taka burki ka juya sitiyari duk banza. Waɗanga na tsere ai da gangan anka rage musu zane. Watan Agusta tsakanin Argungu da Birnin Kebbi da iyali cikin mota, wa ka son haka? Shawarata ɗaya, lokacin zahi ka riƙa rage iska kaɗan don kar ta hwashe.

Injiniya Nura: Baba Alhaji maganar ruwa gaskiya ce ɗari bisa ɗari, amma ta rage iska a yi min afuwa ban bi ba. Taya mai ƙarancin iska gefenta ke ta murɗawa yana haifar da zafi daga ciki, ita ce ma ta fi fashewa a dogon zango, balle a Afrilu da zafinmu ke haura digiri 40. A bi adadin da ke jikin takardar ƙofar direba, a auna da safe taya na sanyi. A fili ne ake ɗan sace iska bayan ta yi zafi geji ya hau, kuma nan ma wani tarko ne ga mai taya ɗaya, in ya manta bai mayar ba ya kama hanyar gida da taya a kwance.

Alhaji Ɗanjuma direba: Haka iyayen gidanmu sunka koya muna, Nura.

Usta Garba mai faci: Alhaji yaron ya yi gaskiya, waɗanda anka kawo min sun tarwatse mafi yawa ba cikar iska ta kashe su ba.

Maman Hanif: Ni tambaya ce da ni don mai gidana ma ya kamu da ciwon nan. Na gwanjo fa? ya ce akwai manyan sunaye a kasuwa rabin kuɗi

Injiniya Nura: Hajiya ki ce masa ya nemi rubutun DOT a gefe, lambobi huɗu na ƙarshe mako ne da shekara, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. 'Yan Road Safety shekara 4 suke cewa, Michelin kuma na cewa a riƙa dubawa duk shekara bayan 5, kar ta wuce 10. Roba mai taushi in ta tsufa ko ta sha zafi da sanyi da yawa taurarewa take, zane na nan amma kamun ya tafi. In ya ga hoton tsauni da ƙanƙara a ciki ya aje, ta lokacin sanyin Turai ce, kwaltarmu cinye ta za ta yi. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007 Dunlop ta bi a 2008 kasuwar ta koma sai abin da aka shigo da shi, ido kawai zai cece ka. Ya duba harafin iyakar gudun da tayar ke ɗauka ma, H kilomita 210 a awa, V 240, W 270, Y 300.

Bashar BMW: Duk na ji. Amma rim huɗu da taya huɗu kuɗi ne fa ba wasa ba, kuma wa zai ɗauko min su zuwa fili, but ɗin BMW E46 ɗina ba ya cin huɗu

Shamsu Yauri: biyu a but biyu a kujerar baya ka shimfiɗa buhu, haka kowa ke yi

Usta Garba mai faci: Ka lissafa dai. Guda ta yi ƙululu ba ka samun irinta nan garin, sai ka aika Kano ko Legas, mota na zaune. Ka sauko rim 16 don yawon gari in burkinka bai yi mashi girma ba, 18 ɗin su zauna ɗaki inda rana ba ta duka, sai ranar wasa.

Bashar BMW: Rim 16 a BMW Usta? ai sai yara su yi min dariya. Zan sauko 17 da 225/45, ita kaɗai, in ga yadda za ta kai ƙarshen damina.

Injiniya Nura: Milimita 101 ke nan, ka ƙara 11 kacal. Usta ka aje masa lambar wayarka kusa.